Gida Naka, Fenti na Kwamiti: Ƙungiyoyin Masu Gidaje a Amurka da Dokar Gyaran Waje

 

A Amurka mutum yakan sayi gida da guminsa, ya gama biyan banki, takardu su zo hannunsa, amma ranar da ya so sauya launin ƙofarsa sai ya rubuta takardar neman izini, ya haɗa da samfurin fentin, ya zauna jiran amsa. Ba gwamnati yake roƙo ba. Maƙwabtansa yake roƙo, mutum uku ko biyar da aka naɗa su kwamiti. In ya yi gaban kansa, tara za ta biyo baya, bayan tara lauya, bayan lauya kotu. Wannan shi ne abin da zan yi magana a kai yau: yadda ƙungiyoyin masu gidaje, waɗanda a can ake taƙaita sunansu da HOA, suke tilasta bin dokokinsu a kan duk wani gyara da ido zai iya gani daga waje. Maganar ta Amurka ce, kuma a can zan fi daɗewa. Amma na zaɓe ta ne don rukunonin gidaje masu katanga da get ɗaya suna ta tsirowa a Abuja da Kaduna da Kano, kuma da yawa daga cikin dokokin da ake rubuta musu sun yi kama da na can.

Mu fara da girman abin. Cibiyar Community Associations Institute, wadda aka kafa a 1973 don masu wannan harka, ta ƙiyasta cewa a 1970 irin waɗannan ƙungiyoyi ba su wuce 10,000 ba, mazaunansu kuma wajen miliyan biyu. Zuwa 2023 sun kai kimanin 365,000, da mazauna fiye da miliyan 75. A shekarun baya-bayan nan, fiye da kashi 80 cikin 100 na sababbin gidajen da magina suka sayar a ƙasar suna ƙarƙashin irin wannan ƙungiya. Ku riƙe wannan adadi na ƙarshe, za mu buƙace shi.

Yadda ake ƙulla abin kuwa shi ne: kamfanin gini ya sayi fili, ya yanka fuloti, kafin ya sayar da ko guda ɗaya sai ya rubuta kundin sharuɗɗa ya kai ofishin rajistar filaye na gunduma. Daga ranar, sharuɗɗan sun manne wa ƙasar. Wanda ya saya ya zama ɗan ƙungiya ko ya so ko ya ƙi, wanda ya gada haka, wanda ya saya daga hannun magada haka. Hanyar fita ɗaya ce, ka sayar ka tashi. Masu gidaje suna zaɓen shugabanni daga cikinsu, aikin sa-kai ne ba albashi, su kuma su naɗa kwamitin duba gine-gine. Wannan kwamiti ne ke da ta cewa a kan launin bango, irin rufi, tsayin shinge da kayan da aka yi shi da su, siffar taga, rumfar mota, ɗan ɗakin ajiya a bayan gida, bishiyar da za a shuka da wadda za a sare, har tsawon ciyawar ƙofar gida. Ƙuri'a ta mai gida ce, ɗan haya ba shi da ita, ko da ya shekara ashirin a unguwar. Gyara kundin asali kuma yakan buƙaci amincewar kashi biyu bisa uku na masu gidaje, wani wuri uku bisa huɗu, a unguwar da da ƙyar ake samun masu zuwa taron shekara. Don haka dokar da wani kamfani ya rubuta a 1985, don ta taimaka masa ya sayar da gidaje, ita ce ke mulkin jikokin masu sayen farko.

Tarihin abin yana da tabo, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. A farkon ƙarni na 20 wani mai gina unguwanni a Kansas City, J. C. Nichols, ya shahara da kafa ƙungiyoyin masu gidaje don su tsare sharuɗɗan unguwanninsa bayan ya gama sayarwa. Sharuɗɗan sun yi maganar nisan gini daga titi da mafi ƙarancin kuɗin da za a kashe wa gida, kuma a cikin takardun nan dai aka haramta sayar wa baƙar fata. Magina a faɗin ƙasar suka kwaikwaye shi. Sai a 1948, a shari'ar Shelley da Kraemer wadda ta taso daga St. Louis, Kotun Ƙolin Amurka ta ce kotuna ba za su ƙara tilasta bin sharaɗin launin fata ba. A 1968 majalisa ta yi dokar da ta haramta wariya a harkar gidaje gaba ɗaya. Sharaɗin launin fata ya faɗi, amma tsarin da aka gina don tsare shi ya rayu, har ya bunƙasa. Ƙananan hukumomi sun ga riba a ciki: ƙungiya ce za ta gyara titunan cikin unguwa da fitilu da magudanan ruwa da kuɗin mazauna, ita kuwa hukuma ta ci gaba da karɓar harajin gidaje. Wannan ne ya sa masanin siyasa Evan McKenzie, a littafinsa Privatopia na 1994, ya ɗauki waɗannan ƙungiyoyi a matsayin gwamnatoci masu zaman kansu. Suna karɓar kuɗi, suna yin doka, suna hukunci, amma ba a ɗaure su da duk igiyoyin da tsarin mulki ya ɗaure gwamnati da su ba.

Kada a ce na zo yi musu ƙazafi. Masu kare tsarin suna da hujja mai nauyi. Ga yawancin iyalai gida shi ne dukiyar rayuwa baki ɗaya, kuma darajarsa tana rataye da abin da maƙwabci ya yi da nasa. In na kusa da kai ya mayar da ƙofar gidansa garejin gyaran motoci, ko ya ɗaga bene ya tsare maka iska da rana, kai ma ka yi asara ba tare da ka taɓa komai ba. Mutane da dama da gangan suke neman irin wannan unguwa, don sun gaji da rigima da maƙwabci ido da ido, sun fi son a sami wani mai shiga tsakani. Sukan ce wa mai ƙorafi, ai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ka ga takardu kafin ka sa hannu. Gaskiya ne. Sai dai a garin da kusan duk sabon gida yana ƙarƙashin ƙungiya, maganar zaɓi ta yi rauni ƙwarai. Kuma kundin da ake miƙa wa mai saye yakan kai shafi ɗari ko fiye, da Turancin lauyoyi, a daidai lokacin da hankalinsa yake kan bashin banki da ranar tarewa.

To, yaya ake tilastawa? Yawanci wani maƙwabci ne zai kai ƙara, ko ma'aikacin kamfanin da ƙungiya ta ɗauka ya zagaya da mota yana ɗaukar hoto. Wasiƙar farko ta tunatarwa ce. Ta biyu ta gargaɗi ce, da wa'adin gyara. Sannan a kira mutum zaman sauraro, sannan tara, wani wuri kullum tana ƙaruwa har sai an gyara. Ana iya hana shi shiga wurin iyo ko zauren taron unguwa. In ya dage, sai a miƙa wa lauya, kuma a nan ne ƙaramar magana take zama babba, domin kundin yakan ce wanda ya sha kaye shi zai biya lauyan wanda ya yi nasara. Rigimar fentin dala ɗari biyu sai ta haifi bashin dubbai. A jihohi da dama ƙungiya tana iya ɗaura bashi a kan gidan kansa, har ta kai ga gwanjonsa.

A 2008, a gundumar Pasco ta jihar Fulorida, wani dattijo ɗan shekara 66 ya kwana a gidan yari saboda ciyawar ƙofar gidansa ta bushe. Na'urar ban-ruwansa ta lalace, kuɗin biyan bashin gidan ma yana neman gagararsa, ya zaɓi ya tsare rufin da ke kan iyalinsa ya bar ciyawa. Ƙungiya ta kai shi kotu, kotu ta ba da umarnin ya shimfiɗa sabuwar ciyawa, bai iya ba, alƙali ya tsare shi da laifin raina kotu. Da labari ya fita a jarida, mutanen gari suka taru da kayan aiki suka gyara wurin, aka sake shi. A kan takarda babu wanda ya karya doka a cikin waɗanda suka kai shi can. Kowa ya bi matakinsa. Abin da ke ci mini rai shi ne, aikin da jama'a suka gama cikin ɗan lokaci bayan an kulle shi, babu abin da ya hana a yi shi kafin a je kotu, in da wani ya ƙwanƙwasa ƙofa ya tambayi dattijon lafiya.

Kotuna dai sun fi karkata ga ƙungiya. Shari'ar da aka fi ambata ita ce ta Lakeside Village a Kalifoniya, 1994. Wata mata tana da kyanwa uku da ba sa fita ko ƙofar ɗaki, kundi kuwa ya hana ajiye dabba. Ta ce kyanwoyinta ba su dami kowa ba. Kotun ƙolin jihar ta ce ba a auna doka da halin mutum ɗaya, ana auna ta da unguwa baki ɗaya, kuma sharaɗin da aka yi wa rajista ana ɗaukarsa daidai ne sai in an nuna ba shi da tushe, ko ya saɓa wa manufar dokar ƙasa, ko cutarwarsa ta rinjayi amfaninsa nesa ba kusa ba. Maganar kyanwa ce, amma da wannan ma'auni ake yanke rigimar shinge da rufi da fenti. Wato cewa "ban cuci kowa ba" ba ta isa kariya.

Inda mai gida yake samun sa'ida shi ne wajen hanyar da aka bi. A yankin hamadar kudancin Kalifoniya, wasu ma'aurata sun shuka dabino takwas a gidansu ba tare da izinin kwamiti ba. Ƙungiyar unguwarsu, Ironwood, ta nemi kotu ta sa a tumɓuke su. A 1986 kotun ɗaukaka ƙara ta yarda cewa ya kamata su nemi izini. Amma ta ce wanda ke son kotu ta sa a cire bishiya, sai ya nuna cewa shi ma ya bi ƙa'idojin da ya rubuta wa kansa, cewa ƙa'idojin na adalci ne, kuma an yanke shawarar da kyakkyawar niyya ba don son rai ba. Ƙungiyar ba ta nuna hakan ba, aka rushe nasarar da ta samu a kotun ƙasa. Yau dokar Kalifoniya ta tanadi cewa amsar kwamiti ta zama a rubuce, in an ƙi a faɗi dalili, kuma a nuna wa mai nema hanyar da zai bi a sake dubawa. Fulorida ta ce a ba mutum sanarwar kwana 14, kuma waɗanda za su saurare shi su zama aƙalla mutum uku da ba shugabannin ƙungiya ba ne, ba ma'aikatanta ba, ba matansu ko mazansu ko 'ya'yansu ko 'yan'uwansu na jini ba. In waɗannan ukun ba su amince ba, babu tara.

Yanzu ga wurin da nake so mu ɗan daɗe, don nan ne zuciyar matsalar. Me ya sa mutanen kirki, 'yan fansho da malaman makaranta da ke aikin sa-kai, suke zama masu tsanani a kan abin da bai taka kara ya karya ba? Wasu dai son mulki ne, ba a rasa su ko'ina. Amma mafi yawa tsoro ne. Doka ta sa su a tsaka mai wuya. In suka kau da kai ga shingen wane, gobe wani zai yi nasa ya fi shi tsayi, in aka taɓa shi ya ce me ya sa ni kaɗai, kuma kotu za ta saurare shi. Tun 1979 kotun ƙolin Fulorida, a shari'ar White Egret, ta ƙi barin wata ƙungiya ta zartar da doka a kan mutum ɗaya alhali ta bar wasu suna karya ta. Wannan hukunci adalci ne. Amma darasin da lauyoyi suka koya wa shugabannin ƙungiyoyi daga gare shi shi ne: kada ku yi wa kowa sassauci, in kun yi wa ɗaya kun rasa dokar. Sai tausayi ya zama haɗari. Gwauruwar da mijinta ya rasu wata biyu da suka wuce, da attajirin da ya raina kowa, wasiƙa iri ɗaya za su samu, da wa'adi iri ɗaya.

Alhali akwai mafita, kuma kotu ce ta nuna ta. A wani dogon bene na Brickell Place a Miami, mazauna da dama sun rufe barandarsu, shekaru ba wanda ya ce uffan. Daga baya shugabanni suka sanar da kowa a rubuce cewa waɗanda suka riga suka yi an bar musu, amma daga yau ba wanda zai ƙara. Wani ya yi bayan sanarwar, ya kafa hujja da na baya. A 1985 kotun ɗaukaka ƙara ta ba ƙungiya gaskiya. Ashe ana iya yafe abin da ya wuce ba tare da an zubar da doka ba, muddin an fito fili an faɗa wa kowa, an kuma tsaya a kan magana ɗaya daga ranar. Abin da kotu ta ƙi shi ne zaɓe, a ƙyale na gida a kama baƙo.

Kuma zaɓen yana faruwa, har da irin wanda ya fi muni. A wani bene a Chicago akwai doka tun 2001 da ta hana ajiye takalma da tabarmar goge ƙafa da tarkace a bakin ƙofa. Wata Bayahudiya mazauniyar benen ita ce ma ta shugabanci kwamitin da ya rubuta dokar. Yahudawa suna da wani ɗan ƙaramin kwanso mai ɗauke da rubutun addininsu da suke kafawa a jikin dokin ƙofa, kuma shekaru nata yana nan ba wanda ya ce ya saɓa wa doka. A 2004, bayan an yi wa farfajiyar benen fenti, sai aka sake fassara dokar, aka riƙa cire shi, tana mayarwa ana cirewa, har a kwanakin zaman makokin mijinta. A 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce iyalin suna da damar ci gaba da ƙararsu ta nuna wariya. Jihar Illinois da jihar Texas duk sun yi dokar kare alamar addini a ƙofa. Na kawo wannan ne don 'yan'uwanmu Musulmi da ke Houston da Atlanta da kewayen Washington su san cewa allon Bismillah a ƙofa, ko fitilar azumi a baranda, kariyar da suke da ita wasu ne suka sha wahalar samo ta. Kuma don mu gane cewa dokar da aka rubuta da baki mai faɗi, irin "kada a sa wani abu da bai dace ba", makami ce a hannun duk wanda ya hau kujera da ƙiyayya a ransa.

Ku duba jerin abubuwan da sai da hukuma ta sa baki kafin a bar mutane su yi su a gidajensu. A 1996 hukumar sadarwa ta tarayya ta hana ƙungiyoyi haramta dish ɗin talabijin da bai wuce mita ɗaya ba. Tun 1978 Kalifoniya ta kare masu sa farantan sola. Gyaran dokar gidaje na 1988 ya ba naƙasasshe damar yin gangaren keken guragu a ƙofarsa. A 2006 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a dokar da ta ba kowa damar kafa tutar ƙasa, amma duk da haka a 2009 wata ƙungiya a Virginia ta umarci Kanar Van Barfoot, tsohon soja ɗan shekara 90 mai lambar yabo mafi girma ta yaƙin duniya na biyu, ya cire sandar tutarsa, wai maganar sanda suke yi ba ta tuta ba. Sai da sanatocin jihar biyu suka sa baki, ƙasa ta ɗauka, sannan aka janye. A fari mai tsanani na 2014, gwamnatin Kalifoniya tana roƙon jama'a su rage ban-ruwa, wasu ƙungiyoyi kuwa suna cin tarar masu busasshiyar ciyawa, sai da majalisa ta hana. A Maryland wasu ma'aurata a garin Columbia sun kashe dubban daloli a shari'a don kare lambun furannin da suka shuka wa tsuntsaye da ƙudan zuma, rigimar da ta haifi dokar jihar ta 2021. Colorado a 2022 ta hana gwanjon gida a kan bashin tara kaɗai. Kalifoniya a 2025 ta ƙayyade yawancin tara a dala 100.

Kowace ɗaya daga cikin waɗannan dokoki, wani ne ya fara shan wuya kafin a yi ta. Kuma in kun lura, babu ko ɗaya a cikin abubuwan nan da yake cutar da maƙwabci. Sola ba ta zubo maka ruwa, tuta ba ta leƙa tsakar gidanka, gangaren keken guragu bai tare maka hanya ba. Laifinsu kawai sun sa gida ya bambanta da na kusa da shi.

A nan nake da ra'ayi, kuma zan faɗe shi kai tsaye. Kuskuren tsarin Amurka shi ne ya haɗa abu biyu a kwando ɗaya, ya ba su hukunci ɗaya: abin da ke cutar da maƙwabci, da abin da bai yi wa idon maƙwabci daɗi ba. Na farko haƙƙi ne, ya cancanci tara da kotu har da rushewa. Na biyu ra'ayi ne, iyakarsa shawara da lallashi. Mu kuwa muna da gadon da ya rarrabe su tun da daɗewa. Malaman Malikiyya sun yi dogon bayani a kan gini da maƙwabtaka, kuma duk a kan ƙa'idar hana cutarwa suka ɗora shi. A Tunis, a ƙarni na 14, wani magini mai suna Ibn al-Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya duba gine-ginen da ake rigima a kansu, ya rubuta littafi sukutum a kan wannan. Tambayoyinsa su ne: tagar nan tana kallon tsakar gidan wani? Ruwan rufin nan ina yake zuba? Hayaƙin gidan burodin nan da ƙarar maƙerar nan suna hana wa barci? Ginin nan ya ci hanya? Irin tambayoyin da mai unguwa da sarkin magina suke yi ke nan in an kira su a Kano ko Zariya ko Katsina: indararonka kada ya zuba a bangon wani, dakalinka kada ya matse lungu. Ba a taɓa jin an kira mutum gaban mai unguwa don zanen da ya yi wa fuskar zaurensa ya bambanta da na maƙwabci ba. Bambancin ma shi ne adon gari, kowa da zankwayensa da irin zanensa.

Ba ina cewa namu ba shi da aibu ba. Babban aibinsa rashin rubutu, kuma inda babu rubutu mai ƙarfi ne ke cin nasara. Wanda ya zauna a rukunin gidaje a Abuja ya san yadda abin yake. Wani zai ɗaga bene a inda aka tsara gidan ƙasa, tagoginsa su buɗe a kan tsakar gidan mutane, matan gida su rasa sakewa. Wani zai fasa katanga ya fitar da shaguna. Wani zai ɗora ɗakin janareta a jikin bangon ɗakin kwanan maƙwabci, wani ya kafa ƙarfen tankin ruwa yana rinjaya ta kan gidan wani, wani ya toshe kwalbati don ya faɗaɗa wurin ajiye mota. Mazauna Lokogoma da Lugbe sun ga abin da gini a kan hanyar ruwa yake jawowa da damina. Duk waɗannan cutarwa ce ta gaske, kuma sau da yawa ba a taɓa mai yin su, don babban mutum ne. Wanda ake tsare wa motar yashi a get, ko a yanke masa ruwa, shi ne ƙaramin ma'aikacin da ya makara da kuɗin wata, ko ya sa rumfar kwano don inuwar yara. Mun ɗauko tsananin Amurka a kan ƙananan abubuwa, mun bar takardunta da zaman sauraronta.

Ga lauyoyi da masu gina rukunoni da ke nan, roƙona shi ne ku rubuta kundin da gajarta, da Hausa da Turanci, a ba mai saye tun kafin ya biya kuɗi, ya sa hannu a kai. Wannan ya fi muhimmanci a nan fiye da can, domin sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiyar da ya so, kuma ƙungiyar mazauna da aka kafa bayan mutane sun riga sun tare za ta sha wuyar nuna daga ina ta sami iko a kan wanda bai taɓa amincewa ba. Kowace doka a rubuta cutarwar da take karewa a gefenta. In an rasa abin rubutawa, a cire dokar. Maganar ƙarin bene da cin hanya da magudanar ruwa kuwa, a tuna cewa izinin ƙungiya ba ya maye gurbin na hukuma, KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna, sashen kula da gine-gine a Abuja. Kwamiti ya kai musu rahoto, kada ya ɗauki guduma da kansa. A sa wa kwamiti wa'adin amsa, in ya wuce bai ce komai ba a ɗauka ya yarda, don kada mutum ya sayi siminti ya daskare yana jiran sa hannun wanda ya tafi Umara. Wanda ya kawo ƙara kada ya zauna cikin masu hukunci. Kafin wasiƙa ta fita, dattawa biyu su je su yi sallama su ji dalili, domin zo mu zauna zo mu saɓa ne, kuma mutumin da aka aika wa takardar lauya kafin a gaishe shi ba zai manta ba ko bayan an shirya. Ruwa da wuta da hanyar shiga gida kada su zama abin horo. Tara ta kasance da iyaka a rubuce, kuma ko ta kai nawa, kada a taɓa rataya ta a wuyan gidan.

Ga 'yan'uwanmu masu niyyar sayen gida a Amurka kuma, ku nemi kundin sharuɗɗa da ƙa'idojin kwamitin gine-gine da rahoton zaman shugabanni na shekarar da ta wuce, ku karanta kafin wa'adin janyewa daga cinikin ya ƙare. A rahoton zaman ne za ku ga ko unguwar masu yawan cin tara ce. In za ku yi gyara, ko shugaban ƙungiya abokinku ne ya ce ku je ku yi ba komai, kada ku ɗora bulo ɗaya sai amincewa ta zo a rubuce, da hoton abin da aka amince da shi. Ku adana takardar tare da takardun gida, domin shugabanni suna sauyawa, kuma wanda zai sayi gidan daga hannunku ita za a tambaye shi.